Wai Arewa ce ba ta iya kasuwancin intanet ba?

Nan Legas in aka ce kasuwancin intanet abin da ke faɗo wa mutane a rai Jumia ne da Konga, wato kamfani ya sayar maka kai tsaye, ka danna oda a waya ɗan babur ya kawo maka har ƙofar gida. Su biyun duk a garin nan aka kafa su a 2012, shi ya sa har wasu 'yan uwanmu mazauna nan suke cewa wai can gida an bar mu a baya. Ni dai ban yarda ba.

E, wannan nau'in ya fi tafiya a nan, kuma gosulo, wato cunkoson motoci, ne ya jawo. Wanda ke Agege ba zai kashe rabin yini a hanya don ya je kasuwar Alaba sayen fanka ba, gara ya biya kuɗin kawowa ya huta. A Kano kuwa adaidaita ɗaya za ka hau ka sauka kasuwar waya ta Farm Centre, ka riƙe wayar a hannunka ka jujjuya ta, ka taya a ce albarka ka ƙara. A manhajar kamfani wa za ka taya wa? Abin da aka rubuta shi ke nan.

Sai na mutum da mutum. Nan shafin saye da sayarwa na Jiji ake shiga ko Facebook, kuma kowa a tsorace yake, mai saye na gudun jabu, mai sayarwa na gudun alat ɗin bogi, sai an haɗu a cikin jama'a kowa na kallon hannun ɗan uwansa. Can gida kuwa mata ne suka riƙe wannan ɓangaren, matar aure tana ɗakinta ta ɗora atamfa da humra da turaren wuta a sitatus, ƙawar ƙanwarta ta gani ta turo kuɗi, a ba yaro ya kai. Ba wanda ke kiran wannan da wani babban suna amma kuɗi ne ke juyawa ba na wasa ba.

Wanda ya fi su duka girma a ganina, kuma ba a ma lissafa shi, shi ne na ɗan kasuwa da ɗan kasuwa. Ka shiga kasuwar Mile 12 ta nan Legas da asuba ka ga dillalan gwari. Albasa tana Aliero, hatsi yana Dawanau, mutum ya ɗauko bidiyon buhunan ya turo ta WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, a sallama, a tura kafin alƙalami ta OPay ko Moniepoint, a yi lodi, sai lambar direba kawai za a turo maka, kaya na miliyoyi suna kan hanya kwana biyu ko uku kuma ba takarda ko ɗaya da aka sa wa hannu. Haka masu sarin yadi daga Kwari suke yi, a sa a mota ka karɓa a tasha. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ma dattawan da a da ba sa yarda sai sun ƙirga da hannunsu da yawansu sun koma taransifa.

Inda na ba tsarin Legas gaskiya shi ne ranar da abu ya ɓaci. Kamfani yana da rasit da lambar oda da 'yan kwanakin da za ka iya mayar da kaya, ko da sai ka sha kiran waya. Namu kuwa in tumatir ya iso a ruɓe, ko buhun da aka nuna a bidiyo ba shi aka ɗora ba, hujjarka duka saƙon muryar nan ne, sai a kai maganar gaban shugabannin kasuwa a kunna a saurara, galibi a ce ku raba asarar ku yi haƙuri. In kuma mutumin ba ɗan kasuwar ba ne, a waya kawai kuka san juna, ya kashe layi, to ba ma wanda za a kai wa ƙarar.