Ba wanda ke bin dayis bashin shida

A majalisar da nake zama a Tudun Wada, gefen teburin mai shayi, akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, da matasa suka haƙiƙance yana da asirin lido. Ya fi kowa ci, kuma ba ya hayaniya. Wani dare bayan sallar Isha'i, wani yaro mai tuƙa Keke Napep ya jefa sau biyar bai ga shida ba, 'ya'yan lidonsa huɗu na zaune a gida tunda sai da shida ake fitowa, sauran mutane sun yi nisa. Ya hura wa dayis iska, ya koma hannun hagu, ya ce a canja kofi. Da abin ya ishe shi sai ya ce, "Baba, don Allah kwance dayis ɗin nan." Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, jefa kawai."

Ni ina bayan dattijon. Abin da muke kira sa'ar hannu a lido, yawancinsa lissafi ne da ba mu zauna mun yi ba, kuma rashin yin sa yana cin kuɗin matasanmu a wuraren da suka fi teburin mai shayi haɗari.

Dayis biyu muke jefawa, kowanne da fuska shida, don haka hanyoyi 36 ne kacal za su iya faɗuwa. A cikinsu 11 ne ke ɗauke da shida, sauran 25 babu. Wato jifa ba shida ya ninka jifa mai shida fiye da sau biyu. A jefa sau biyar a jere ba a ga shida ba, yiwuwar hakan ta kai kusan 16 cikin 100, kamar sau ɗaya cikin shida ke nan. Mutum huɗu a allo ɗaya, ana ta sake wasa har sha ɗayan dare, ai da wuya a tashi bai faɗa kan wani ba. Ba wanda ya ɗaure komai.

Kuskuren da ya fi wannan shi ne na gaba, inda yaron zai ce tunda ta daɗe ba ta zo ba, yanzu dole ta zo. Dayis ba ya tuna jifan baya. Jifa karo na shida daidai yake da na farko, 11 cikin 36. A shekarar 1913, a gidan caca na Monte Carlo, ƙwallon wani faifai mai ramuka ja da baƙi ya faɗa baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba kuɗi kan ja, kowa na cewa lokacinsa ya yi, aka kwashe musu miliyoyi.

To ina asirin Baba yake? Na daɗe ina kallon yatsansa kafin na gane. Ba ya motsa ɗa sai ya ƙirga gidajen da ke tsakaninsa da wanda ke biye da shi. A dokar da muke bugawa, mutum zai iya cin ka da dayis ɗaya ko da jimillar biyun. Idan ka tsaya gida ɗaya tak a gaban abokin wasa, hanyoyi 11 cikin 36 ne zai same ka. Gida biyar, 15. Gida shida shi ne mafi muni: hanyoyi 11 masu ɗauke da shida, ga kuma biyar da ke haɗuwa su ba da shida, kamar huɗu da biyu ko uku da uku, jimilla 16. Amma ƙara taku ɗaya kawai ka koma gida bakwai, haɗarin ya faɗo zuwa 6 cikin 36, domin babu dayis ɗaya da ke da bakwai, sai an haɗa. Gida goma sha biyu kuwa, hanya ɗaya ce rak. Sabon ɗan wasa yana ganin kusa da maƙiyi ne wuta, sai ya gudu gida biyar ko shida yana murna ya tsira, alhali tsakiyar tarkon ya shiga. Dattijon ko dai ya manne da kai, ko ya wuce shida. Bai taɓa cewa "cikin 36" ba, shekaru ne suka koya masa.

Za a ce mini sa'a ta fi sammako, kuma a wasa ɗaya na yarda. Nan lido ya bambanta da dara. A dara babu jifa, komai a fili yake, shi ya sa ɗan koyo zai shekara bai ci gwani ba. A lido kuwa yaron firamare zai iya kayar da kakansa yau, kuma daɗin wasan ke nan. Sai dai a bar su su buga ɗari a ƙirga. Mai zaɓar 6 cikin 36 maimakon 16 a duk lokacin da zaɓi ya zo masa, ribar tana taruwa kamar adashi, ba a ganin ta rana ɗaya.

Wasan ma ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Kaduna. Asalinsa pachisi ne na Indiya, inda wuri ake watsawa a ƙirga nawa suka kife nawa suka buɗe, kamar yadda 'yan cacar ƙasar Hausa suka yi da wuri a da. A Ingila aka yi masa rajista da sunan ludo a 1896. Shi kansa ilimin lissafin yiwuwa daga teburin caca ya taso. A 1654 wasu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu kan tambayoyin wani ɗan caca, de Méré. Cikin abin da ya ɗaure masa kai: samun shida cikin jifa huɗu da dayis ɗaya yana da yiwuwar kashi 51.8, amma samun shida biyu tare cikin jifa 24 kashi 49.1 ne. Tazarar ba ta kai kashi uku ba, amma ita ce tsakanin riba da asara ga wanda ya daɗe a teburi.

(Na san malamai da yawa suna hana wasan dayis, suna kafa hujja da hadisin nardi, wani tsohon wasan dayis, da ke cikin Sahihu Muslim. Fatawa tasu ce, ni lissafin nake magana.)

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tunanin nan na "yanzu dole ta zo" shi ne ke cika shagunan cacar ƙwallo daga Kawo zuwa Rigasa. Yaro zai jera wasanni goma a tikiti ɗaya, ya ce duk masu sauƙi ne. A ɗauka kowanne yana da yiwuwar kashi 70, wanda ma alfarma ce aka yi masa. Goman su zo tare bai kai kashi 3 cikin 100 ba. In kuwa rabi-da-rabi ne, sau ɗaya ne cikin 1,024. Sai ya fito yana cewa wasa ɗaya ne ya yanka shi, kamar wani abin mamaki ya faru, gobe ya koma da kuɗin balas.

Abin takaicin shi ne wannan darasi yana cikin manhajar lissafin sakandare, ana tambayarsa a WAEC da NECO. Ana rubuta shi a allo da Turanci, a haddace, a manta bayan jarrabawa. Da malami zai shigo aji da dayis biyu, ya raba ɗalibai su jefa sau ɗari suna rubutawa, da idonsu za su ga bakwai ta fi kowace jimilla fitowa, biyu da sha biyu kuma sai an daɗe.

Na gwada wannan bayani a kan mai Keken nan, a bayan takardar biredi. Washegari na gan shi yana ƙirga gidaje da yatsa, ya ja ɗansa ya ajiye daidai gida bakwai a gaban na dattijon, ya dube ni yana murmushi. Baba ya girgiza kofi ya kife a kan gilashin allon. Huɗu da uku.