Kafin alƙalamin rago da maɓallin da ke cikin waya

Daren Laraba bayan isha'i ɗan yayata ya same ni a majalisar ataya da ke bayan masallacinmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Yaron da sallamarsa ma sai an ji ta a layi na gaba, ranar sai ya raɓe gefe ya tsuguna. Da muka keɓe ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, duba min ko akwai yadda za a yi." Sidi 4,300 sun tafi cikin kwana tara. Kuɗin da yake tarawa ne daga tuƙin pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, yana son ya sayi tasa ya huta da kai wa mai ita kuɗin yini.

Na duba. Baƙin allo, wani layi yana hawa yana sauka kamar macijin da aka taka wa wutsiya, maɓalli kore da maɓalli ja. Za ka ce nan da minti ɗaya farashin zinare zai hau ko zai sauka. In ka dace, a ba ka 80 a kan kowace 100 da ka zuba. In ba ka dace ba, ɗarin ta tafi ɗungurungum. Akwai wani "malami" a rukunin WhatsApp da ke turo musu sigina, wato ya faɗa musu kore za su danna ko ja, shi ma sai da aka biya shi 300 kuɗin shiga. Sunan abin wai bainari ofshin, su kuma 'yan tiredin.

Sunan nan ne ya fi ɓata min rai, domin ofshin na gaskiya abu ne mai ma'ana, kuma mun san shi tun kafin waya ta zo. Na shekara tara ina riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi a Adum, a can na fara karance-karance a kan waɗannan abubuwa, sai na tarar ashe kafin alƙalami ne aka sa wa kwat.

Ka ɗauka saura wata biyu Babbar Sallah. Ka ga rago, mai shi ya ce 3,000. Ka ba shi 200 ka ce ya riƙe maka har jajiberen Sallah a kan wannan farashin, in ka dawo ka cika, in ba ka dawo ba 200 ta zama tasa. Idan motocin dabbobi daga Burkina da Nijar suka yi ƙaranci rago ya kai 4,500, ka je ka ɗauki naka a 3,000. Idan kasuwa ta cika rago ya faɗo 2,400, sai ka bar masa ɗari biyun ka saya a wani wuri. Asararka tana da iyaka, ka san ta tun ranar farko. Abin da ka saya ba rago ba ne, 'yancin zaɓi ne. Bambanci ɗaya: a kasuwar Turawa kuɗin riƙon ba ya shiga cikin kuɗin kaya, ladan jira ne zalla.

To nawa ya kamata mai rago ya karɓa? Nan ne duk ilimin yake. Tsohon dillali zai faɗa maka ba tare da alƙalami ba: riƙon wata biyu ya fi riƙon mako guda tsada, kuma shekarar da aka rufe iyaka ko hanya ba lafiya, ba zai riƙe maka da 200 ba, domin farashi na iya yin tsalle ko ta ina. A 1973 wasu masana biyu a Amurka, Fischer Black da Myron Scholes, suka fitar da lissafin da ya sa wa wannan tunani lamba, Robert Merton ya ƙara masa ƙarfi, kuma a shekarar ce aka buɗe kasuwar ofshin ta Shikago. Abu biyar lissafin ke ci: farashin yau, farashin da aka yi alkawari, kwanakin da suka rage, kuɗin ruwa, da yawan rawar da farashin ke yi. Huɗu na farko kowa na ganinsu. Na biyar babu wanda ya taɓa ganinsa, hasashe ne, domin rawar gobe ake nufi ba ta jiya ba. Kuma kullum rana ta faɗi, darajar kafin alƙalaminka tana raguwa, kamar ƙanƙarar da aka bari a faranti.

Yanzu koma kan wayar yaron nan. Ina ragon? Babu. Babu kayan da yake karewa, babu farashin da yake tsoro. Minti ɗaya ne kawai da kore da ja, kuma a cikin minti ɗaya hawa da sauka kusan kunnen doki ne. Na ɗauki biro na rubuta masa a bayan kwalin shayi: ka buga sau 100, sidi 100 kowane bugu, ka ci 50 ka faɗi 50. Ci ya kawo 4,000, faɗuwa ta kwashe 5,000. Ba ka yi kuskure ba, ba a yi maka maguɗi ba, amma 1,000 ta tafi. Kafin ka tashi ba ci ba asara sai ka dace sau 56 cikin ɗari, kullum, har abada. Wannan ma idan layin da kake kallo na gaskiya ne, domin mai manhajar shi ne abokin cacarka, shi ne kuma mai riƙe da agogo.

Abin da ya kashe shi ma ba wannan ba ne. Malamin nasu ya koya musu cewa in ka faɗi ka ninka. Na ga jerin a tarihin asusunsa, daren Lahadi tsakanin ƙarfe sha ɗaya da rabi da sha biyu saura: 100, 200, 400, 800, 1,600. Ja biyar a jere, 3,100. Ya ce, "Kawu, wallahi na biyar ɗin saura ƙiris." Na ce masa ko na huɗun ka ci, 640 za a ba ka alhali ka riga ka zubar da 700. Dabarar ko a takarda ba ta tsaya da ƙafarta. Faɗuwa biyar a jere kuwa ba wani abin mamaki ba ne, sau ɗaya ne cikin 32, wanda ya kwana yana dannawa dole ya gamu da ita.

Kada wani ya ce ai yaro ne bai iya ba. Scholes da Merton sun karɓi kyautar Nobel a 1997, shekara ɗaya bayan haka kamfanin zuba jarin da suke ciki, LTCM, ya yi asarar sama da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni, sai da babban bankin Amurka ya tara bankuna suka tallafe shi. Nick Leeson, ma'aikacin bankin Barings na Birtaniya, ya yi ta sayar da ofshin a Singafo yana caca cewa kasuwar Japan ba za ta motsa ba, girgizar ƙasar Kobe ta zo a Janairun 1995, bankin Barings mai shekara sama da 200 ya rushe aka sayar da shi fam ɗaya. Tarayyar Turai ta hana sayar wa talakawa bainari tun 2018. Kayan da aka kora daga can su ne ake tallata wa yaranmu a Asawase da hoton mota da agogo.

Na san malamai za su shigo, kuma ni ba malami ba ne. Abin da na karanta shi ne Hambaliyya sun halatta kafin alƙalami, mafi yawan sauran sun ƙi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ce a 1992 ofshin irin na kasuwannin yau bai halatta ba. Idan na asali ma yana da wannan magana a kansa, na minti ɗaya ba ya buƙatar dogon bincike.

Abin da ke min ciwo shi ne akwai waɗanda suke buƙatar kariya ta gaskiya a garin nan, kuma babu mai sayar musu. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 a hannun 'yan canji, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba. Hajiyar da ta yi odar kaya daga Sin tana da wata uku kafin ta cika kuɗi, da akwai wanda zai riƙe mata dala a farashi sananne da ta biya da murna. Ba ta da shi, sai dai ta ruga Alabar ta sayi dala ta ɓoye. A 2025 kuma sidi ta farfaɗo daga sama da 15 zuwa wajen 10, masu ɓoyon suka ji a jikinsu. Ko kokon ƙasar nan, na cakulan ba na ƙosai ba, da ya haura dala 10,000 tan ɗaya a 2024, an riga an sayar da mai yawa tun da wuri a farashi ƙasa da haka nesa. Wancan alkawari ne mai ɗaurewa, ba zaɓi a cikinsa, shi ya sa ba a iya janyewa.

Yaron ya fita daga rukunin ranar Juma'a. Kafin ya fita malamin ya turo masa saƙo shi kaɗai, wai akwai sigina ta manya, 500 kacal, ya dawo da asararsa cikin mako. Manhajar kuwa har jiya tana kan wayarsa, na gani da ya miƙo min in duba saƙon momo, kuɗin da ake turawa ta waya. Ya koma tuƙi, daga Aboabo zuwa Sawaba, sidi-sidi.

Yaya, na san kina karanta abin da nake rubutawa. Ni na ce kada ya faɗa miki sai na zo gida. Gobe bayan la'asar ina tafe, ki fara da ni.