Takardun atiliye tara gare ni, amma ban duba wuyan yarinyar nan ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Rubutun yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu sukuni.

Shekarata 14 ina aikin ungozoma a jihar Tawa. A akwatina akwai takardun shaidar halartar atiliye, wato taron bita, har tara, duka a kan cin zarafin mata a cikin gida. Wani kwana uku, wani biyu. A zauna ɗaki mai sanyi, a haska rubutu a bango, a sha kofi ƙarfe goma, a yi hoto gaban ƙyalle, a sa hannu a karɓi kuɗin zama. Ban raina ba, kuɗin nan sun sha fid da ni kunya a ƙarshen wata. Sai dai ga abin da ya same ni da takardun nan a hannu.

Wani dare ina aikin kwana aka kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba, da ciki wata shida. Uwar mijinta ce ta rako ta. Wai ta faɗi a bakin rijiya. Muryarta a dushe kamar mai mura, yawu ma da ƙyar take haɗiyewa, farin idonta da ɗigo-ɗigon ja. Na auna ciki, na ji bugun zuciyar ɗa, lafiya lau. Na tambaye ta, tsohuwar na tsaye a kanmu: "Ƙanwata, wani ya taɓa ki?" Tsohuwa ta riga ta: "Wa zai taɓa ta, ɗiyata? Rawar kai ce irin ta yaran yanzu." Na ce, "To Inna, Allah ya kiyaye gaba." Da za su fita na riƙo hannun yarinyar na gaya mata abin da aka gaya wa uwata, aka gaya wa kakata: ki yi haƙuri. Mayafin da ta naɗe wuyanta da shi kuwa ban ɗaga ba.

Sai bayan shekaru, ina karance-karancena a waya, na gane cewa dushewar murya, wahalar haɗiya da jan ɗigo a ido alamun shaƙewa ne. Na kuma karanta binciken da aka yi a Amurka, wanda ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau bakwai. Yarinyar nan ba ta dawo awo wurina ba.

Ba mugunta ta sa na yi haka ba, kuma ba na jin mugunta ce ke sa jandarma ya ce wa mace "koma ɗakinki, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." Abin da muka iya ke nan. Shi ya sa nake cewa wannan aiki karatu yake so na gaske, masta (digiri na biyu) ta shekara biyu bayan lisans (digiri na farko), da jarrabawa da ake iya faɗuwa, da malamin da zai bi ka wurin aiki ya ga yadda kake magana da mai rauni.

Ku dubi abin da ake son mutum ɗaya ya riƙe a kansa. Idan fyaɗe ne, maganin kariya daga cutar sida sai a cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kwana biyar. Takardar likita kuma rubuta ta fasaha ce: "rauni a jiki" ba ya amfana wa alƙali komi, sai an faɗi wurin, girmansa, launinsa, da kwana nawa zai hana ta aiki. Sannan sanin wace ce za a iya bari ta koma gida yau, wace ce komawarta ajali ne. Masana sun daɗe da gano cewa lokacin da mace ke shirin barin gidan, ko ta fita ba da jimawa ba, ya fi kowane lokaci haɗari. A wurinmu wannan shi ne tsakanin yaji da biko, daidai lokacin da dangi ke taruwa a zaure suna cewa a rufa asiri. Biko al'ada ce mai kyau, ta gyara aure da ba su ƙirguwa. Amma mai zama cikin sulhun ya kamata ya iya bambance faɗan cefane da gidan da aka riga aka zare wuƙa.

Ga kuma doka, wadda a Nijar igiya uku ce aka tufka. Akwai dokar hukunta laifuffuka, wadda gyaran 2003 ya sa bauta da kaciyar mata a cikinta. Akwai al'ada, wadda kotu ke aiki da ita a sha'anin aure da saki da gado, tare da masu ba alƙali shawara kan al'adar masu ƙara. Akwai fiƙihun Malikiyya da mutanenmu suka fi yarda da shi. Dokar iyali guda ɗaya ba mu da ita, duk yunƙurin da aka yi ya ci tura. Wanda bai san inda igiyoyin nan suka sarƙe ba, ya tuna da Hadijatou Mani ta yankin Ƙonni. An sayar da ita a 1996 tana shekara 12 a kan jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangida ke riƙewa kamar matarsa ba tare da aure ba. Da ta samu takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidan ya kai ƙara wai matarsa ce, aka yanke mata wata shida a kan aure bisa aure. Sai kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce a 2008 ta ce bauta ce, ta umurci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Yanzu da muka fita daga ƙungiyar, a hannun alƙalanmu da ma'aikatanmu na gida irin wannan shari'a za ta ƙare.

Na san me wasu za su rubuto a ƙasa: boko za a kawo a kashe mana aure. Malam, matar da ke ɗakin haihuwa da karyayyen haƙarƙari ba boko ya kashe aurenta ba. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Malaman Malikiyya sun ba alƙali ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata. Ni ina so ne ma a sa fiƙihun aure a cikin darussan, malaman da suka ƙware su koyar. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kusan mata 60 cikin 100 a ƙasar nan na ganin miji na da hujjar dukan matarsa a kan wani dalili, ko ƙona tuwo ne ko fita ba izini. Mazan da suka ce haka ba su kai 30 cikin 100 ba. Mu mata mun fi su yarda da dukan! Macen da ta taso a haka, karanto mata yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da faransanci ba zai motsa ta ba. Hadisi da Hausa, daga bakin wadda ta san shi, zai iya.

Kuma a yi karatun a nan. Yamai na da nisan fiye da kilomita 500, mai goyo da miji da wurin aiki ba za ta yi shekara biyu can ba. Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa tana da sashen shari'a, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da likitanci da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa, makarantar Damouré Zika ta yaye da yawanmu. A haɗa malamai, a tsara mako ɗaya kowane wata, albashi na tafiya. A aji ɗaya a zaunar da ungozoma da jandarma da ɗan sanda da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da magatakardan kotu, su san fuskar juna. Waɗanda ba su da lisans amma sun yi shekara goma a bakin aiki, a nemo musu ƙofa. Littafin kammalawa kuma a rubuta shi a kan Adar: matar ɗan ci-rani da mijinta ke Abijan ko Libiya shekara uku, kuɗin da yake aikowa na hannun uwarsa ko wansa, ita ba saki ba aure. Wannan ma cin zarafi ne, ko da ba a ɗaga mata hannu ba, kuma ban gan shi a majigin atiliye ko ɗaya ba.

Wani tsoron kuma gaskiya ne, ba zan musa ba: mutum ya samu masta ya tattara ya koma Yamai, ofis mai sanyi da farar mota. Mun ga irinsu. To wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya sa hannu zai yi shekara biyar a inda ya fito, a kuma ƙara masa matsayi da albashi a can ɗin.

Ni dai yanzu na koyi dabara ɗaya. In aka kawo mace da labarin faɗuwa, sai in aiki mai rakiya sayo safar hannu, in samu minti biyar mu biyu, in ce, "Ƙanwata, ɗaga mayafin in gani." Wannan da kaina na koya. Abin da zan yi bayan ta sunkuyar da kai ta ce "shi ne", ƙarfe biyun dare, mijin na zaune kan babur a bakin ƙofa, shi nake nema a koya mini.