Hoton da ba a ba ka izini ba, ba naka ba ne

A wajen shekarar 1910, wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Edward Curtis, ya shiga tantin wasu mutum biyu 'yan ƙabilar Piegan, uba da ɗansa, ya ɗauke su suna zaune. A tsakaninsu akwai agogo a ajiye. Da aka tashi buga hoton a littafi, sai aka goge agogon. Curtis so yake duniya ta ga mutanen kamar yadda yake ganin ya kamata su kasance, waɗanda zamani bai taɓa ba, agogo kuwa yana ɓata masa wannan labari.

Ban kawo wannan don a jefi Curtis da dutse ba. Mutumin ya kwashe kusan shekara 30 yana yawo a tsakanin ƙabilu sama da 80 na Arewacin Amurka, ya ɗauki hotuna fiye da 40,000, ya fitar da juzu'i 20 tsakanin 1907 da 1930 da tallafin attajiri J.P. Morgan. Aurensa ya mutu a kan hanya, dukiya ba ta zauna masa ba, ya rasu a 1952 an kusa mantawa da shi. Yau jikokin waɗanda ya ɗauka suna duba hotunansa su ga fuskokin kakanninsu. Amma abin da ya yi wa agogon nan shi ne ciwon sana'ar ɗaukar hoton ƙabilu 'yan asalin ƙasa har yanzu, kuma a ganina a nan ake gane wanda ya riƙe amana da wanda ya je ya ɗebo kaya kawai.

Daga nesa aikin na da ban sha'awa: yau kana daji, gobe kana kan tsauni, jibi kana tsibiri. Daga kusa kuwa wahala ce. Da yawa daga masu yin sa ba su da albashi, sai abin da suka sayar wa mujalla ko kamfanin labarai, ga shi mujallun da a da suke tura mutum ya yi watanni a wuri sun tsuke aljihu. Ga cuta. Mai ɗaukar hoto Sebastião Salgado na Brazil, wanda ya rasu a watan Mayun 2025, iyalinsa sun ce zazzaɓin cizon sauro da ya kama shi a Indonesiya a 2010, yana bakin aiki, shi ne asalin ciwon da ya yi ajalinsa. Duk wanda ya raina sadaukarwar irin waɗannan mutane bai yi musu adalci ba.

Sai dai wannan ƙarancin kuɗi da lokaci shi ke haifar da ɓarna. An ba mutum kwanaki kaɗan, edita na jiran hoton da zai tsayar da yatsan mai karatu a kan waya. Me zai yi? Sai ya ce wa saurayi ya cire rigar kanti, ya ce wa dattijo ya ɓoye wayarsa, ya sa a yi ado na biki a ranar da ba biki. A kwarin Omo na Habasha abin ya zama ciniki a fili: baƙi na biyan matan ƙabilar Mursi kuɗi a kan kowane hoto, su kuma suna ƙara ado irin wanda suka lura kyamara na so. Ban ga laifinsu ba, neman abin rufin asiri suke yi. Laifin yana ga wanda ya kawo hoton ya ce mana ga yadda suke rayuwa, alhali ya san abin da ya saya. Mu masu kallo ma muna da namu kason, domin hoton mutum da wando da wayar hannu ba ya burge mu kamar mai gashin tsuntsu a ka.

Idan aka zo kan addini, maganar ta fi nauyi. Ba sai ka yarda da abin da mutum yake bauta wa ba kafin ka gane cewa yana da abin da yake ɗauka da tsarki. Wa zai so a cusa masa kyamara a fuska yana tsakiyar ibada, a kai hoton wata ƙasa a rataye a bango, mutane na wucewa suna nuna shi da yatsa? 'Yan ƙabilar Hopi na jihar Arizona a Amurka sun ga haka da idonsu tun farkon ƙarni na 20, lokacin da masu kyamara suka riƙa cika filin bukukuwansu har suna tare wa masu ibada hanya. Aka hana ɗaukar hoton bukukuwan, kuma haramcin na nan har yau. A Ostireliya akwai sassan dutsen Uluru da mutanen Anangu suka ce kada a ɗauka, gidajen talabijin na ƙasar kuma sukan yi gargaɗi kafin su nuna hoton ɗan asalin ƙasa da ya rasu, saboda a wurin al'ummomi da dama ganin hoton mamaci abu ne mai zafi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta amince da wannan: suna da ikon kiyaye wuraren ibadarsu cikin sirri, da ikon sarrafa gadon al'adunsu.

Wani zai ce, to in kowa ya rufe kyamararsa, yaushe duniya za ta san ana kashe waɗannan mutane, ana ƙwace musu ƙasa? Gaskiya ce, gani ya kori ji. Kuma izini ba ya nufin ɗan jarida ya zama maroƙi. In ana zaluntar mata ko yara da sunan al'ada, faɗin hakan aikinsa ne. Amma sirrin ibada daban, zalunci daban, wanda ya zauna da mutane ya san bambancin.

Mai ɗaukar hoto Claudia Andujar ta nuna ana iya haɗa biyun, girmama mutane da nuna wa duniya halin da suke ciki. An haife ta a Suwizalan a 1931, ta rasa mahaifinta da danginsa a kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ta koma Brazil. A 1971 ta fara zuwa wurin ƙabilar Yanomami a dajin Amazon, sai ta yi ta komawa, tana zama da su na dogon lokaci. Gwamnatin soja ta kore ta daga yankin a 1977. Maimakon ta nemi wata ƙabila ta ɗauka, sai ita da abokan gwagwarmaya suka kafa ƙungiyar neman a keɓe wa Yanomami ƙasarsu, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da jagoransu Davi Kopenawa, ta shiga har aikin rigakafin cututtuka. A 1992 gwamnati ta amince da iyakar ƙasar Yanomami. Ba a gama ba, domin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba sun sake kwararowa, har a watan Janairun 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a yankin. Amma takardar 1992 ita ce abin da ake kafa hujja da shi a kori masu haƙar. Yanomami ba masu son a ajiye hoton mamaci ba ne, duk da haka shugabanninsu sun yarda a nuna aikin Andujar, don sun ga yana kare masu rai.

Baƙo raɓa ne, da rana ta fito ya tafi, waɗanda ke cikin hoton kuwa su za su zauna da abin da ya biyo baya. Shi ya sa ban ɗauki ɗaga kai ko murmushi a matsayin izini ba. Dattijuwar da ta ce to, ta san hotonta zai shiga intanet, ya zauna har bayan ranta, wani ma ya sa shi a talla? An tambaye ta ita kanta, ko kuwa shugaban gari aka gani aka wuce? An rubuta sunanta, in tana so, ko an bar ta a matsayin wata mata daga wata ƙabila? Waɗannan tambayoyi suna cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne, don haka nauyin ba a kan mai kyamara kaɗai yake ba. Editan da ya tura shi ya kamata ya biya kuɗin zaman, ya kuma karɓi uzurinsa in ya dawo ya ce akwai bikin da ya gani amma bai ɗauka ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi. Tun 1986 aka fara wani shiri a Brazil, Vídeo nas Aldeias, na ba wa 'yan asalin ƙasa kyamara da horo su ɗauki kansu. Yau matasa a irin waɗannan al'ummomi suna da waya, wasunsu ƙwararru ne. Kafin kafar labarai ta sayi tikitin jirgi ta turo baƙo, ta fara tambaya ko akwai ɗan wurin da zai yi aikin, in akwai ta biya shi daidai abin da za ta biya baƙon.