Ziyarar Jiragen da Suka Nutse Ba ta Ƙwararru Kaɗai Ba Ce

A nan Gombe na sha jin ana cewa, musamman a tsakanin matasa masu iyo a Dadin Kowa, babu mai iya nutso ya ga jirgin ruwan da ya nutse sai sojan ruwa ko wanda ya yi horo mai zurfi. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin akwai jiragen da ke zurfin da ke buƙatar iska ta musamman da tsayawa mataki-mataki yayin fitowa.

Amma ba duka ne haka ba. Takardar shaida ta farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, tana ba mutum damar sauka zuwa mita 18, ta gaba kuma mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40 ce. Jirgin Thistlegorm, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a 1941, yana kwance a kusan mita 30, kuma masu takarda ta biyu suna zagaya shi tare da jagora, har su hango babura da motocin da ke cikinsa.

Abin da ke buƙatar ƙarin horo shi ne kutsawa can cikin ɗakunan jirgi, inda laka kan tashi ta rufe gani, kuma rufi ya hana mutum hawa sama kai tsaye idan iskarsa ta yi ƙasa.