Nasiha ga Matasanmu: Kabari Ba Wurin Shewa Ba Ne

Assalamu alaikum. Ƙannena matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hoto da ya yi ta yawo a Facebook cikin makon nan, na wani yaronmu da ya yi karatu a Yukiren, ya jingina da ginin tunawa da mamata na Babi Yar a birnin Kiyef, ya ɗaga yatsu biyu yana washe baki kamar wanda ya fita yawon sallah. Hoton bai ƙona mini rai ba kamar maganganun da aka jera a ƙarƙashinsa, domin da wani ya yi bayanin cewa Yahudawa ne aka kashe a wurin, sai aka ɓarke da shewa, wannan ya ce Allah ya ƙara, wancan ya ce ai Hitila bai gama aikinsa ba.

Shin kun san abin da kuke yi wa dariya kuwa? Ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus na Hitila sun umarci Yahudawan Kiyef su hallara ranar 29 ga Satumban 1941 da takardunsu da kuɗinsu da tufafin sanyi, mutanen suka fito suna zaton sauya musu wurin zama za a yi. Aka kora su bakin wani ƙaton kwazazzabo, aka tuɓe su, aka yi ta harbinsu rukuni-rukuni, har rahoton makasan da kansu ya ƙirga mutum 33,771 cikin kwana biyu, da tsofaffi da mata da jarirai a hannun iyayensu. A 1943, da Jamusawa suka ga yaƙi ya juya musu baya, suka tilasta wa fursunoni tono gawawwakin suna ƙonawa don a ɓatar da shaida. Gwamnatin Sobiyet ma, mai mulkin Yukiren a lokacin, da ta kafa gini a wurin a 1976 ta ƙi ambaton Yahudawa a jikinsa, sai a 1991 aka kafa alamarsu ta ma'ajiyar kyandir mai rassa bakwai. Shekara hamsin dangin mamatan suna jiran wannan alama, ita ce yaronmu ya mayar majingina. Irin wannan rami yana nan a dajin Rumbula kusa da Riga ta ƙasar Latbiya, inda aka harbe kimanin mutum 25,000 a ƙarshen 1941, yana kuma nan a Fanari kusa da Bilniyus ta ƙasar Lituwaniya.

Na san hujjar da za ku kawo, wato abin da ake yi wa Falasɗinawa a Gaza, kuma ni ma zuciyata tana ƙuna a kansa. To amma jaririn da aka harbe a 1941, shekara bakwai kafin a kafa ƙasar Isra'ila, wane gida ya rushe a Gaza? Alƙur'ani ya gaya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Ya kuma inganta a hadisi cewa an wuce da gawar Bayahude ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ku da kuke shewa, kun fi shi kishin addini ne? Wallahi jahilci ne aka naɗa wa rawani.

Shi kuwa Hitilan da kuke yi wa kirari, da ya gan ku ba zai ɗauke ku mutane ba. A watan Yunin 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Shasele kusa da Liyon ta Faransa, suka bindige su saboda launin fatarsu kawai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma mu da muka sha ganin an jera gawawwakin 'yan ƙauye guda a rami ɗaya bayan harin 'yan bindiga, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ɗacin a yi wa irin wannan kabari dariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Ko da yake me zai ba ni mamaki? Yaran da mota za ta kife a gabansu su zaro waya suna ɗaukar mai shure-shuren mutuwa, su ne za su ji nauyin kabarin baƙo? Ya kamata iyaye da malamai su tashi tsaye a kan wannan ɗabi'a. Mu dai mun taso mun tarar idan aka doshi maƙabarta murya ƙasa take yi, dattijo ya tuɓe takalmi, yaron da ya taka kabari kuwa sai ya sha rankwashi daga wanda bai ma san ubansa ba, kuma ba a tambayar ko na wane ne kafin a girmama shi. Yanzu ana tsaka da zuba ƙasa za ka ji samari a gefe suna musun ƙwallo, wani yana amsa waya yana ƙyaƙyata dariya, dattawan da ke wurin kuma kowa ya sunkuyar da kai, ba mai iya tsawatarwa don gudun kada yaro ya zage shi a gaban jama'a.