Turaren taurari mata: a bar shi ya yi awa huɗu a jiki kafin a yanke masa hukunci

Duk lokacin da wata mawaƙiya ko 'yar fim ta fitar da turare da sunanta, mata kan rabu gida biyu. Wasu su ruga su saya tun ba su shinshina ba, don dai suna ƙaunar mai sunan. Wasu kuma su yamutsa fuska su ce ai turaren yara ne, ruwan sukari ne aka ɗura a kwalba mai ƙyalli. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, kuma kuskurensu iri ɗaya ne. Sun tsaya a kan suna, ba su bari turaren ya zauna a fata ya nuna halinsa ba.

Mu fara da wanda yake haɗa shi. Tauraruwa ba ta shiga ɗakin gwaji ta auna sinadarai. Abin da take yi shi ne ta ba wani kamfani lasisin amfani da sunanta, kamar Coty ko Parlux ko Elizabeth Arden. Shi kuma kamfanin ya rubuta irin ƙamshin da yake so da irin matan da yake nufi, ya miƙa wa manyan gidajen haɗa ƙamshi irin su Givaudan da IFF da Symrise da Firmenich (wanda ya koma DSM-Firmenich a 2023). Gidajen nan su ne dai ke haɗa wa manyan kamfanonin kayan ƙawa na Faransa da Italiya nasu turarukan. Clément Gavarry, wanda ya yi aikin Lovely na Sarah Jessica Parker a 2005 tare da Laurent Le Guernec, shi ne kuma ya haɗa Cloud na Ariana Grande a 2018. Wato hancin ƙwararru ne a bayan kwalbar. Inda ake samun bambanci shi ne yawan kuɗin da aka yarda a kashe a kan ruwan da ke ciki, da kuma yadda ita tauraruwar ta sa baki. Wata takan bi aikin sau da ƙafa, ta mayar da samfuri sau da dama har sai an samo abin da take so. Wata kuwa hoto kawai take zuwa ɗauka. Hanci yana iya gane wannan bambancin, kuma Lovely misali ne na wanda aka tsaya a kansa: miski ne mai laushi da ɗan lafanda da ganyen faculi, ba shi da zaƙin da ya cika sauran na zamaninsa.

Harkar ta daɗe. Elizabeth Taylor ta fitar da White Diamonds a 1991, kuma har yau ana sayar da shi. Amma wanda ya buɗe ƙofa ga tururuwar da muke gani yanzu shi ne Glow na Jennifer Lopez a 2002. Daga nan Britney Spears ta biyo da Curious a 2004 da Fantasy a 2005, Beyoncé da Heat a 2010, Rihanna da Reb'l Fleur, har zuwa Billie Eilish a 2021. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito a tsakanin nan sun ɓace cikin shekara biyu ko uku. Waɗanda suka rage kuwa ƙamshinsu ne ya riƙe su, domin macen da ke sayen kwalba ta uku ta White Diamonds a yau wataƙila ba ta taɓa kallon fim ɗin mai sunan ba.

To me ya sa suke jan hankali haka da sauri? Akwai hanyoyi biyu da masu haɗawa suka fi bi, kuma idan kika gane su, kin gane fiye da rabin abin da ke kan kanta.

Ta farko ita ce hanyar tsabta. Glow ne sarkinta. Louise Turner ta haɗa shi ya riƙa tashi kamar fatar da aka fito da ita daga wanka: furen lemu ne ake fara ji, ɗan wardi da yasmin a tsakiya, sai farin miski mai yawa a ƙasa, wato ƙamshin da ke saura a ƙarshe. Shi wannan miskin na roba ne, ɗan ɗakin gwaji, irin su Galaxolide da kamfanin IFF ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ke fassara shi da tsabta shi ne an daɗe ana zuba irinsa a sabulun wanki, don haka hanci ya riga ya haɗa shi da tufafin da aka wanke aka goge. Babu wanda ke ƙin ƙamshin wankakken kaya, shi ya sa irin wannan turaren ba ya cika samun abokan gaba.

Ta biyu ita ce hanyar zaƙi, kuma ita ta fi yawa. Asalinta Angel ne na Thierry Mugler a 1992, wanda ya zuba sinadarin etil maltol da yawan da ba a saba ba. Etil maltol yana tashi kamar sukarin da aka narkar a wuta ya fara yin ja, kuma ɗan kaɗan ɗinsa yana cika ɗaki. Idan aka haɗa shi da fanila da 'ya'yan itace, sai a sami irin Fantasy, mai buɗewa da kiwi da lici, ya sauka kan farin cakulan da miski. Cloud ma a wannan layin yake, sai dai ya fi dabara. Lafanda da fiya (wadda ke kama da tuffa) da lemun bagamot ne a farko, kwakwa mai maiƙo a tsakiya, sannan ƙasansa katako ne mai iska da miski. Wannan ƙasan ne ya sa mutane da yawa ke kamanta shi da wani turare mai tsada, Baccarat Rouge 540 na Francis Kurkdjian. Kamar tana nan, musamman daga nesa, amma wanda ya sa su hannu da hannu zai ji kwakwar Cloud ta raba hanya da wancan tun a awa na farko.

Ga inda nake da ƙorafi a kan da yawansu. Kamfani ya san cewa mai saye takan yanke shawara cikin minti biyu ko uku a gaban kanta, da 'yar takardar da aka fesa wa turaren a hannu. Saboda haka sai a zuba ƙarfi a ƙamshin farko, a bar na ƙasa da rauni. Kayan asali masu ba turare zurfi suna da wahalar samu. Kilo ɗaya na man wardi yana cin furanni fiye da tan uku, saiwar furen iris kuma sai an busar da ita an ajiye shekaru kafin ƙamshinta ya fito. Turaren da aka yi don ya isa hannun kowa ba zai ɗauki irin waɗannan da yawa ba. Sinadaran roba ba aibu ba ne, mafi tsadar turarukan duniya ma cike suke da su. Aibun shi ne a gina sama a manta da tushe, sai ki ji abu mai daɗi ƙwarai da ƙarfe tara na safe, kafin sha biyu ya koma wani zaƙi fayau marar fasali, ko ya ɓace gaba ɗaya.

Shi ya sa gwaji yake da ƙa'ida. Turare hawa uku ne. Na sama, wato su lemu da 'ya'yan itace, ƙwayoyinsa marasa nauyi ne, suna tashi su tafi cikin minti 10 zuwa 15. Na tsakiya, yawanci furanni, yana riƙewa awa biyu zuwa uku. Na ƙasa, miski da fanila da katako da ambar, shi ne zai kwana a mayafi. Ki fara da takarda don ki tace, kada ki wuce turare uku ko huɗu a zama ɗaya, domin bayan haka hanci ya gaji, komai zai yi miki kama. Wanda ya tsallake takarda, ki fesa shi sau ɗaya a tsintsiyar hannu, ki jira kamar daƙiƙa 30 sifirit ɗin ya bushe kafin ki kai hanci. Sai ki tafi harkarki. Ki sake shinshinawa bayan minti 20, bayan awa biyu, sannan bayan awa huɗu. Abin da kika ji a awa na huɗu shi ne turaren da za ki zauna da shi, shi ne kuma wanda na kusa da ke za su san ki da shi. Af, 'ya'yan kofi da ake ajiyewa a kanta don wai su wanke hanci, wani ƙamshi ne kawai suke ƙara miki a kan na da. Ki fita ki shaƙi iska, ko ki shinshina hannun rigarki inda babu turare.

Ki duba abin da aka rubuta a kwali. Eau de parfum yawanci yana ɗauke da man ƙamshi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, eau de toilette kashi 5 zuwa 15, ruwan fesa jiki kuwa kashi 1 zuwa 3 ne. Waɗannan alkaluma al'adar sana'ar ce, kowane kamfani yana da nasa ma'auni a cikinta. Sau da yawa turaren tauraruwa yana da ɗan uwansa na fesa jiki mai suna ɗaya da hoto ɗaya, kuma mata da yawa da ke cewa turaren wance ba ya daɗewa, shi suka saya ba su lura ba.

Batun yawan fesawa kuma, a nan turaruka masu zaƙi ke ɓata wa kansu suna. Fesawa ɗaya tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato kwalbar mililita 50 za ta ba ki wajen fesawa 500. Ga irin Fantasy ko Cloud, biyu zuwa uku sun isa: ɗaya a gindin wuya, ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a cikin gwiwar hannu, daga nisan kamar santimita 15. Idan ana zafi ki rage zuwa ɗaya ko biyu, domin zafi yana hanzarta tashin ƙamshi, etil maltol da fanila su taru su yi nauyi har su hau kan mutane a mota ko ofis. Masu tsabta irin Glow sun fi haƙuri da zafi.

Matsalar da ta fi yawa ita ce mace ta daina jin turarenta bayan rabin awa, ta ɗauka ya tafi, ta ƙara fesawa biyar. Turaren yana nan, hanci ne ya saba, haka aka halicce shi, yana daina kula da ƙamshin da bai canza ba. Da miski abin ya fi tsanani, don ƙwayoyinsa manya ne, kuma akwai mutanen da hancinsu ba ya kama wasu nau'o'insa sam. Shi ya sa masu haɗawa kan gauraya miski iri biyu ko uku a turare ɗaya, idan wannan ya kuɓuce miki ki ji wancan. Kafin ki ƙara, ki tambayi wadda ke kusa da ke. Idan kuma da gaske yana saurin ɓacewa, ki duba fatarki. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi. Ki shafa mai marar ƙamshi ko ɗan basilin a wurin, ki bari ya shiga, sannan ki fesa. Goga hannu da hannu bayan fesawa ba ya lalata turare kamar yadda ake faɗa, sai dai ɗumin gogawar yana korar hawan sama da wuri, kin yi asarar sashen da aka fi wahala a kansa. Yadi yana riƙe ƙamshi fiye da fata, amma turare mai launi yana barin tabo a farin kaya da siliki, don haka ki gwada a cikin kalmasa tukuna.

Ajiya kuma a taƙaice: haske da zafi da iska su ne maƙiyansa. Banɗaki da bakin taga da cikin mota duk ba wurinsa ba ne, ki mayar da shi kwalinsa ki sa a durowa. Idan mai fanila ya yi duhu bayan shekara ɗaya ko biyu, kada ki zubar, halin fanila ke nan, sau da yawa ma ƙamshin ya ƙara kauri. Alamar lalacewa ita ce farkonsa ya riƙa tsami ko warin ƙarfe, don man lemu ne ke fara mutuwa idan iska ta shige shi.

Akwai kuma kukan da ake yi cewa turaren da aka sani shekara goma da suka wuce ya canza. Sau da yawa gaskiya ne. Lasisi kan koma hannun wani kamfani, ko doka ta hana wani sinadari. Tarayyar Turai ta haramta Lilial a kayan kwalliya daga watan Maris na 2022, shi kuwa sinadari ne da ya daɗe yana ba turarukan furanni wannan sanyin mai kama da raɓa, don haka dole aka sake haɗa duk wanda ke ɗauke da shi idan za a ci gaba da sayar da shi a can. Sannan ki kula da 'yan uwan suna. Miami Glow na 2005 kwakwa ne da 'ya'yan itacen ƙasashen zafi, bai haɗa hanya da sabulun Glow na asali ba. Midnight Fantasy na 2006 ya fi Fantasy duhu, ceri da fulam ne suka rinjaye shi. Kalma ɗaya da aka ƙara a suna tana iya nufin turare daban ɗungurungum, kowanne sai an gwada shi da kansa.

Na ƙarshe shi ne jabu, kuma turarukan taurari suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya saboda suna tafiya a kasuwa. Akwai lambar rukuni da ake bugawa a ƙasan kwalba da kuma ƙasan kwali, dole su zo ɗaya. Ledar da aka naɗe kwalin da ita ta zama a ɗame, kalmasarta a miƙe, babu gam yana leƙowa. Bakin fesawa na gaske yana fitar da ruwan kamar hazo, na jabu kan tsarto shi ko ya riƙa ɗiga a wuyan kwalba. Amma gwajin da ba ya ƙarya shi ne dai na lokaci, domin masu jabu sun iya kwaikwayon minti goma na farko, ƙasan ne ba sa kashe masa kuɗi. Idan kika fesa bayan awa ɗaya babu abin da ya rage sai warin sifirit, ko fata ta fara ƙaiƙayi da ja, ki wanke wurin da sabulu ki daina amfani da shi. Wadda kuma turaren ya ci jarrabawar awa huɗu a jikinta, ta fara da ƙaramar kwalba ta mililita 30. A fesawa uku kullum za ta kai ta kwana ɗari, kuma wannan ya isa ta ga yadda yake a ranar zafi da ranar sanyi kafin ta ɗauki babba.